Ranar da na buɗe injin da ba shi da laifi a Ngaundere

A Garwa na koyi kanikanci, can na yi shekaru ina riƙe wa maigidana sifana. Da na tashi kafa nawa garejin sai na hauro Ngaundere, na zo da akwatin kayan aiki da gejin gwada matsin silinda da maigida ya ba ni kyauta. Ban yi wata biyu ba wani Alhaji ya kawo mini Corolla da aka hauro masa da ita daga Duwala. Kukansa ɗaya ne: mota ba ta ja kamar yadda mai sayarwa ya yi alkawari.

Na yi gwajin yadda aka koya mini. Na bar injin ya ɗumama, na kwance buji huɗun duka, wato fulogi a bakin mutanen Najeriya, na katse wuta da mai, na sa yarona ya danne totur har ƙasa yana murza makulli. Silinda ta farko ta ba ni bar 9.7 (bar shi ne ma'aunin matsi a gejin), sauran ukun ma duk nan suka tsaya, babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta nisa. Littafin injin kuwa ya ce kada a gaza bar 10. Na ce, "Alhaji, zobban fistan sun cinye, sai an buɗe." Ya ce, "To ɗana, kai ka san aikinka."

Kwana uku na yi a kan injin nan. Zobba lafiya lau, bangon silinda sumul, bawul suna zaune daram. Na mayar da komai da sabon gaskit, na sake gwadawa, allura ta koma inda take. Kuɗin bawan Allah ya tafi a banza, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da dare na kira maigida na zayyana masa. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Da kake tahowa daga Garwa, ba ka hau falez, dogon hawan dutsen nan na hanya, ba?" Na ce na hau, Baba. Ya ce to iskar da ke can sama ba irin ta bakin Binuwai ba ce.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, gejin nan ba ƙarfin ƙarfe yake aunawa ba. Iskar da fistan ya zuƙo ya matse ita yake aunawa. Garwa ba ta wuce mita 200 da ɗoriya sama da teku ba, Ngaundere kuwa tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,100. Iya hawanka iya raguwar nauyin iska, kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300. A nan garin iskar ta ragu da wajen kashi 12 cikin 100 idan aka gwada da ta bakin teku, alhali lambobin da ke cikin littattafan injin da iskar ƙasa-ƙasa aka rubuta su. Idan abin da ya shiga silinda kaɗan ne, duk lafiyar zobe ba zai matso abin da babu ba. Da na raba 9.7 ɗin nan da 0.88, wato kashi 88 cikin 100 na iskar da ya saura, da bar 11 zan gani, in sallami Alhaji da sabon matacin iska kawai. Rashin jan da yake kuka da shi ma daga nan yake, don motar da ta saba da iskar Duwala dole ta ɗan yi sanyi a kan tudu.

Zuciyata ba ta kwanta ba sai da na gwada da tawa motar. Da na sauka Garwa gaisuwar Sallah na auna ta, ta ba ni 12 da rabi. Bayan kwana biyu a Ngaundere, geji ɗaya, batir ɗaya, ta ba ni 11 da ɗan abu.

Yanzu abin da na fi sa wa ido shi ne tazarar da ke tsakanin silinda da silinda, domin tudu duka yake rage su tare, ba ya zaɓar ɗaya. In guda ta faɗo ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, wannan ba laifin iska ba ne. Sai in zuba mata cokali guda na baƙin mai in sake murzawa. In allura ta tashi sosai, zobe ne. In ta ƙi motsi, sai in nemi bawul ko gaskit. Batir ma ina duba shi tukuna, musamman da sanyin safiyar hunturu, don injin da ke juyawa a kasale ƙaramar lamba yake bayarwa.

Na je har shagon Alhaji na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, na mayar masa da kuɗin aikina. Ya karɓi rabi, ya ce in sayi fenti in rubuta 0.88 ɗin a bangon gareji saboda yaran da nake koya wa. Yana nan a rubuce, daidai saman inda nake rataye gejin.