Yaron da ba ya jin karatu

Akwai wani ɗalibina da malamai suka yi wa lakabin malalaci. Da ƙarfe goma ta yi sai idonsa ya koma taga, wajen farantin mai awara. Ashe tun tuwon jiya da rana bai sa komai a bakinsa ba.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Idan ciki ya zama wayam, yana sakin wani sinadari, girelin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa a nemo abinci. Ƙwaƙwalwar kuwa ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki. Ta yaya za ta tsaya kan lissafi?

A 1944, a jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masanin kimiyya, Ancel Keys, ya fara gwaji da maza 36 lafiyayyu, daga baya aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida. Suka zama masu saurin fushi, sha'awar komai ta mutu sai ta abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi suna kallo. Manya ke nan, kuma da yardarsu.

Malamai 'yan uwana, kafin bulala, ku tambayi yaro ko ya karya.