Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun Ƙuda

Makon jiya na tsaya a kan dawowata Gombe da kwalabe goma sha biyu a cikin kula, irin wadda ake zuba abincin biki. Mutane da dama sun tambaye ni abin da ke cikin kwalaben. Ƙuda ne. Ba ƙudan bola ba, ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaro idan ya fara lalacewa, wanda masana ke kira Drosofila.

Kwana uku da sauka na je gaida Baffa a Jekadafari. Bayan la'asar ne, zaure cike da mutane. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sai ya ce, "Ɗan nan, ashe bijimai biyu aka sayar don ka zama likita, ka dawo mana da kiwon ƙuda?" Zaure ya ɗauki dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya huci zuciyar Baffa." Bijiman na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa, ba na Baffa ba, kuma kowa a gidanmu ya san haka. Ban faɗa ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan da ban faɗa ba a zauren, shi ne maganar Auta.

An haifi Auta a 1996, shekarar da aka ba mu jiha, shi ya sa Inna ke kiranta sa'ar Gombe. Tana ƙaramar sakandare ciwon ya kama ta: zazzaɓi ba ya sauka, dasashi yana jini, jiki ya yi fari fat. Aka ce shawara, aka ce sammu, sai daga baya aka gano sankarar jini ce. Ni na yi jinyarta a asibiti. Wani likita mai kirki ya ga ina karatun kimiyya, ya kira ni ya nuna mini ɗigon jininta a madubin bincike. Fararen ƙwayoyi ne maƙil, duk ɗanyu, babu wanda ya nuna balle ya yi aiki. Ya ce mini ɓargonta yana ta haifar su babu tsayawa. A tsaye a wurin na tuna maganar Goggo. Idan ta aiki yaro ya daɗe, takan fito ƙofar gida ta ƙwala masa kira, ta dawo tana cewa, "Wanda ya iya aike, shi ya iya kira." A jikin Auta an yi aike, mai kira ne babu. Ba ta kai azumin shekarar ba.

To wannan tambayar, wa ke gaya wa jini ya tsaya haka, ita ce ta kai ni ga ƙuda, kuma ba ni na fara ba. Tun 1910 Thomas Hunt Morgan ya tsinci ƙuda mai farin ido a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933. Ƙudan nan daga ƙwai zuwa balaga kwana goma ne kacal a zafin digiri 25, abincinsa garin masara da yis da sukari, kuma kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ke jawo wa ɗan Adam cuta suna da 'yan uwa a jikinsa.

Bari in nuna muku abin da idona ke gani. Za ka ɗauko tsutsar da ta ƙoshi ta fara hawa bangon kwalba, ka sa ta a ɗigon ruwan gishiri, ka kama da hantsaki biyu masu tsinin allura, ka ja a hankali. Kusa da ƙwaƙwalwa, a jikin jijiyar da ke matsayin zuciyarta, akwai wasu 'yan ƙulli-ƙulli jere bibbiyu, farare kamar ɗigon kindirmo. Ina ce wa ɗalibaina kaluluwar tsutsa. Nan ne masana'antar jininta. Sai da na yi wata biyu ina fasa ta kafin hannuna ya daina rawa.

Jinin ƙuda ba ja ba ne, ba ya ɗaukar iska, aikinsa tsaro ne da shara. Ƙwayoyinsa iri uku ne. Mafi yawa, sama da kashi 90, masu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyi ne. Sai 'yan kaɗan masu lu'ulu'u a ciki, waɗanda ke baƙanta rauni su toshe shi. Na uku ba a cika ganinsu a lafiyayyar tsutsa ba, sai an shiga yaƙi.

A cikin babban ƙullin, tsakiya ta 'yan ajiya ce, ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna. Gefe-gefe kuma na waɗanda suka nuna ne. Can ƙarshen baya akwai wasu 'yan gommai da ke zaune kamar dattawan zaure. A 2007 ɗakin binciken Utpal Banerjee a Los Anjeles ya nuna cewa dattawan nan suna aika wani saƙo mai suna Hedgehog, wato bushiya, zuwa ga 'yan ajiya: ku dakata, lokaci bai yi ba. A shekarar kuma wasu masana a Tulus ta Faransa suka fito da nasu bayanin kan wannan cibiya. Amma wanda ya hana ni barci shi ne na 2011. Ashe waɗanda suka riga suka nuna su ma suna mayar da saƙo baya. Suna fitar da wani sinadari, Adgf-A, da ke rage wani sinadarin mai suna adenosin a wurin, ragewar nan kuwa ita ke gaya wa 'yan ajiya cewa an samu isassu, kada kowa ya ƙara fitowa. Daren da na karanta wannan na rufe kwamfuta na zauna a tsakar gida har aka kira assalatu. Maganar Goggo ce, a jikin tsutsar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Goggo ba ta taɓa shiga aji ba. Da tana raye ranar zauren nan, na san da ta aiko an kira mata Baffa ciki, don ita kaɗai ce yake jin nauyinta.

Yaƙin da na ambata kuwa, wani ɗan ƙaramin zanzaro ne ke soka wa tsutsa ƙwansa a ciki. Nan da nan sai a sassauta wani saƙo mai suna JAK/STAT da shi ma ke riƙe da 'yan ajiya, akwai ma wani furotin mai suna Latran da aikinsa ke nan, ya toshe kunnen mai karɓar saƙon. Sai 'yan ajiya su fashe su zama manyan ƙwayoyi masu faɗi kamar faifai, su nannaɗe ƙwan zanzaron, a baƙanta shi ya mutu. Idan kuma JAK ɗin ƙuda, wato furotin da ke isar da wannan saƙon, wanda ake kira Hopscotch, ya lalace ya maƙale a kunne, sai jini ya yi ta yawaita har ka ga baƙaƙen ƙulli a cikin tsutsa da idonka. An gano hakan a 1995. Shekara goma bayan nan, a 2005, aka samu lalacewar JAK2, ɗan'uwansa na ɗan Adam, a jikin mutanen da ɓargonsu ke haifar da jini fiye da kima. Haka wani furotin na ƙuda mai suna Lozenge, wanda tare da wani saƙo mai suna Notch ke sa ƙwaya ta zama mai lu'ulu'u, ɗan gidan su RUNX1 na ɗan Adam ne, wanda sunansa ke fitowa a wasu nau'o'in sankarar jinin mutane. Wannan ne kiwon ƙudan da aka yi wa dariya.

Cikin kwalabe goma sha biyun nan, uku na masu lalataccen Hopscotch ne. Asalinsu daga ma'ajiyar ƙudan bincike ta Bloomington a Indiyana ta Amurka, wani abokin karatu ya raba mini. Kun san Gombe a watan Afrilu, zafi kan kai digiri 40, ƙudan nan kuwa da ya wuce 30 mazan sun daina haihuwa, gaba kaɗan sai mutuwa. Wuta ta ɗauke ranar Alhamis. Na rubuta takarda ina roƙon man janareta don inkubeta, wato akwatin da ke daidaita wa ƙudan zafi, na kai ofishin wanda ke sama da ni a makarantar da nake koyarwa lokacin. Ya karanta, ya turo mini ita ta kan tebur, ya ce, "Malam, mutane ma ba su samu fanka ba, sai ƙuda?" Muryar Baffa na ji sak. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa, kuma na san yana karanta wannan.

Na kwashe kwalaben na kai gida. Maiɗakina ce ta kawo dabarar randa: muka jera su a kwano, muka sa cikin babbar randar Inna, muka zagaye da jiƙaƙƙen yashi da buhun algarara. Tana tashi cikin dare tana yayyafa ruwa, ga goyo. Ranar Litinin kwalba huɗu suka rage. Masu Hopscotch duka sun tafi, domin zafi yana ƙara tsananta musu ciwon. Na zazzage su a takarda, na daɗe ina kallo, abin da ya zo mini kuwa gadon Auta ne ranar da aka naɗe katifarta.

Da huɗun nan na koyar shekara uku. Gwajin da ɗalibai suka fi so ba ya cin kuɗi: ka sa tsutsa a ruwa mai zafin digiri 60 na minti goma, ƙwayoyi masu lu'ulu'u su yi baƙi, ka ƙirga su ta cikin fata kamar an barbaɗa barkono a bayanta. Wata yarinya 'yar Kumo ta ƙirga nata sau uku, ta ɗago ta ce, "Malam, wa ya gaya musu su tsaya a wannan adadin?" Na juya ga allo don kada su ga idona. Yanzu haka tana digiri na biyu a kan jini.

Baffa bai taɓa zuwa ya leƙa madubin nan ba, ko da yake na aika masa sau biyu ta bakin Hamma. Lokacin ciwonsa na ƙarshe ni nake karanta masa takardun gwajin jininsa, yana kwance yana cewa, "Ɗan nan, me suka ce?" Ina yi masa bayani dalla-dalla, bai tayar da maganar zaure ba, ni ma ban tayar ba. Allah Ya gafarta masa. Maganar bijimai kuwa ta sake tasowa wajen rabon gado, kuma a nan ne Adda ta yi abin da har yau wasu ba sa gaishe ta a kansa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.