Haidurojin a hanyar Maraɗi: wace mota ce ya dace da ita, kuma ina rabon ƙananan ƴan kasuwa?

Lissafin haidurojin daga ruwa da wuta yake farawa. Ana sa ruwa tsantsa cikin na'urar da ke raba shi gida biyu da ƙarfin lantarki, haidurojin ya fita gefe, iskar oksijin ta fita gefe. Kilo 1 na haidurojin yana cin ruwa tacacce lita 9 da wuta kilowat-awa 50 zuwa 55, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya kai na gazuwal lita 3 da ɗoriya. A cikin mota akwai akwatin da ke haɗa shi da iska ya mayar da shi lantarki, lantarkin ya juya ƙafafu, salansa kuwa ruwa kawai take fitarwa.

Amma a kowane mataki ana asara: wajen raba ruwa, wajen matse iskar cikin tanki, wajen mayar da ita wuta. Abin da ke kaiwa taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wutar da aka zuba ba, alhali batir yana kai kashi 70 cikin 100 ko fiye. Saboda haka duk wanda ya ce a sa wa kabu-kabu da adaidaita sahu haidurojin a cikin garin Maraɗi, bai yi lissafi ba. Batir da sola su ne nasu. Wurin da haidurojin yake da hujja shi ne babbar motar kaya mai doguwar tafiya, wadda nauyin batir zai cinye mata tan da yawa na lodi, kuma ba ta da lokacin tsayawa caji.

A ɗauki hanyar Maraɗi zuwa Yamai, kilomita 660 ko kusa da haka. Babbar mota tana shan kilo 8 zuwa 10 a kilomita 100, wato kilo 60 a zuwa kaɗai. Wannan wuta ce ta kilowat-awa 3,300. Idan allon sola na kilowat 1 yana ba da kilowat-awa 5 a yini a ranarmu, sai an shimfiɗa alluna na kilowat 660 kafin a sallami mota guda a rana. Mota goma za su kusa cinye tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 baki ɗaya. Ruwa bai kai haka tayar da hankali ba: lita 540 tacacce, a ninka saboda abin da matata ke zubarwa. Tsabtarsa ce matsala, domin ruwan fanfo ko na rijiyar burtsatse yana da gishiri da ƙarfe da ke kashe na'urar cikin ɗan lokaci.

Motocin Hyundai Xcient da suka fara aiki a Suwizalan a 2020 suna ɗaukar wajen kilo 31, suna tafiyar kilomita 400. Ke nan daga nan zuwa Yamai dole a sha a hanya, a Dogon Dutsi. Ta kudu kuwa, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, cikin tanki guda ya kai, amma in babu gidan cikawa a Kano motar ba ta dawowa. A nan ne haɗin kan maƙwabta ya zama tilas. Sai an yarda da matsi ɗaya, bar 350 da manyan motoci ke amfani da shi, da bakin tiyo iri ɗaya, da tsabtar iskar ta kashi 99.97 cikin 100, da takardar gwajin tanki wadda duwan na Ɗan Isa da kwastan na Jibiya za su karɓa ba gardama. CEDEAO ta amince da manufarta ta haidurojin a 2023, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. To amma kaya ba su daina ratsa iyaka ba, ga layin dogo na kilomita 284 ana ginawa daga Kano zuwa Maraɗi. Yarjejeniya kan bakin tiyo da takardar tanki ba ta buƙatar a jira siyasa ta daidaita. A ɓangaren AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ma akwai abin dubawa: a Burakebugu ta Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da haidurojin na ƙarƙashin ƙasa a 1987, daga baya har aka kunna wa ƙauyen wuta da shi.

Abin da zai lalace a ƙasarmu sananne ne. Akwatin da ke mayar da haidurojin lantarki yana aiki a zafin digiri 60 zuwa 80 kacal, saboda haka a watan Afrilu da rana ta haura 42, lagireto ɗin da aka auna da sanyin Turai ba ya isa, mota ta rage ƙarfi a kan hanya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, hayaƙin gazuwal mai farar wuta kuma yana gurɓata ƙarfen filatinom da ke ciki. Haidurojin ba ya wari, harshen wutarsa ba a ganinsa sosai da rana, kuma yana kamawa da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. Sama yake tashi, don haka garejin da aka rufe da kwano ba kafar fita a ƙololuwa tarko ne. Yana kuma shiga jikin wasu ƙarafa ya sa su tsage. Bututun gas na girki, ko tankin da aka yi wa walda a bakin tasha, ba su da wuri a nan ko kaɗan. Tayar tirela bar 8 take ɗauka, wannan 350 ne.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya sayen motar ba, kuma ba daidai ba ne a tura shi cin bashinta. Rabonsa yana gefen aikin, kuma ba kaɗan ba ne: wanke allunan sola duk mako lokacin ƙura, tace ruwa da canjin matata, gyaran kwamfiresa, auna yoyo da na'urar hannu. Akwai kuma oksijin, kilo 8 a kan kowane kilo 1 na haidurojin, wanda masu walda ke saye a kwalba, asibitoci ma suna buƙata in an tace shi yadda doka ta ce. Tallafin da zai yi amfani shi ne FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ta biya horon kanikawa kan wuta mai ƙarfi da gas mai matsi, FONAP, asusun tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ta tsaya wa masu gareji su sayi kayan awo, a kuma rubuta a kwangila cewa gyara da kula na ƴan gari ne. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana cikin shirin digiri na biyu kan haidurojin na WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, ya kamata ɗalibanta su yi gwajinsu tare da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo a nan Maraɗi.

Kamfanin Shell ya rufe gidajen haidurojin na ƙananan motoci a Kalifoniya a 2024. Gidan da ba shi da tabbatattun masu saye ba ya riƙe kansa. Saboda haka gidan farko a Maraɗi a gina shi a harabar ƴan sufuri masu motoci biyar zuwa goma da ke bin hanya ɗaya, bayan sun sa hannu kan kilo nawa za su sha a mako da farashin da ba zai wuce abin da suke kashewa a gazuwal ba.