Hoton shadda: matsa sensa ko RAW kawai

Mu a ɗan sitidiyonmu hoton kaya muka fi yi ba na biki ba, 'yan Kantin Kwari ke kawo mana shadda da leshi da atamfa mu ɗauka musu su ɗora a intanet, wasu kuma su buga babban allon talla. To shadda fa akwai wuyar sha'ani, saƙa ƙanana ga ƙyalli, sai hoto ya fito da wasu layuka kala-kala kamar bakan gizo alhali babu su a jikin yadin. Dalili kuwa kowane fiksel, wato ɗan ɗigo a jikin sensa (idon kyamara da ke ɗaukar haske), kala ɗaya yake gani, rabinsu kore sauran ja da shuɗi, ragowar kalar manhaja ce ke kintata lokacin buɗe RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto yadda sensa ta ɗauko shi.

Kyamarar Panasonic G9 ce a hannuna, megafiksel 20 (fiksel miliyan 20), amma tana iya matsa sensa kaɗan-kaɗan ta ɗau hoto 8 ta haɗe su ya zama megafiksel 80. Ba sabon abu ba ne, Olympus sun sa irinsa a E-M5 Mark II tun 2015. Shi ma RAW na yau da kullum in ka sa shi a Super Resolution, mai ƙara girman hoto a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, wanda ya zo a 2021, yana ninka tsawo da faɗi ya kai wajen 80 ɗin, shi ya sa na jera hanyoyin biyu a kan baƙar shadda ɗaya in gani.

Daga nesa wallahi ba ka bambance su. Sai ka zuƙo. A hoton matsa sensa zare-zare kake gani, layukan nan sun kusa ɓacewa, baƙin ma ya fi tsabta babu yashi-yashi. Na Lightroom ya yi sumul amma layukan na nan, sun ma ƙara girma, in ka goge su da burushin manhajar kalar wajen ta dusashe.

Sai dai wahalar matsa sensa, dole kyamara a kan ƙafarta, a kashe fanka duk zafin Kano, janareta a nesa saboda girgiza, fitila mai ƙyaftawa kuma ta zana maka ratsi. In mutum ne ya sa kayan manta kawai, numfashi ma motsi ne. Ga fayil ƙato, kwamfuta ta yi ta nishi.

Wanda WhatsApp ko Instagram zai ɗora RAW nake masa, don matse hoton za su yi. Mai allon talla ne nake yi wa na matsa sensa, kuma kuɗinsa daban, tun kafin a warware yadi nake faɗa wa Alhaji.