Kafin ka zuba duk kuɗinka a masara

'Yan'uwa masu shirin fara noma bana, abin da ke karya sabon manomi sau da yawa shi ne ya shuka masara a duk kadadarsa, sannan kuɗin taki ya ƙare masa a tsakiyar damina. Masara ba ta yafe yunwa. Tana son NPK bayan mako 2 da fitowa, sannan yuriya a mako na 5 ko 6. In ba ka da kuɗin buhunan biyun, rage mata fili ka ba gero ko dawa da wake, waɗanda suka fi jure fari.

Kada ka yi shuka da ruwan farko. Jira ƙasa ta jiƙe kamar taƙi guda, kuma ka ajiye iri na sake shuka. Gonar da wuta-wuta (ciyawar da ke tsotse saiwar masara, gero da dawa) ya kama, gyaɗa ko waken suya ya kamata ta samu bana.

Tun 2016 tsutsar masara mai cin ganye da ake kira fall armyworm ta shigo Najeriya, don haka ka riƙa leƙa kan ganyen kowane mako, da sassafe. Waken da ka girbe kuwa, busar da shi sosai, ka ɗaure a buhun PICS (buhu mai leda a ciki da ke hana iska shiga), ka jira kaka ta wuce kafin ka kai kasuwa.