Kano zuwa Jidda: yadda ake lissafin awannin tafiya

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 in an miƙe sak. Jirgin fasinja na cin wajen kilomita 850 a awa, sai ka ce awa huɗu ke nan. Amma in ka haɗa da gangarawarsa zuwa bakin titin tashi, da hawa, da saukowa, za ta kai huɗu da rabi zuwa biyar. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuma aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Ƙannena, inda na fi yin tuntuɓe a farkon tafiye-tafiyena shi ne agogo. Saudiyya na gaba da Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma kowane lokaci da ka gani a tikiti na garin da aka rubuta kusa da shi ne. In an ce tashi 14:00, sauka 21:00, awa biyar za ka yi a sama, ba bakwai ba. A dawowa kuwa sai ka ga 10:00 zuwa 13:00, ka ɗauka awa uku ce, alhali biyar ɗin ce dai. Kana sauka ka gyara agogon hannunka, kada ka dogara da waya, wani lokaci ba ta juyawa sai ta sami sabis.

Mafi ciwo shi ne jirgin tsakar dare. In tikiti ya ce 00:30 ranar Talata, ranar Litinin da dare za ka je filin jirgi, da wajen ƙarfe tara da rabi, domin ana son ka iso awa uku kafin tashi. Wanda ya je ranar Talata da dare, jirginsa ya yi kwana guda da tafiya. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini kuɗin tikiti sukutum.

Tikiti mai araha yawanci na yada zango ne, a Addis Ababa ko Alƙahira, kuma da zaman jira tafiyar kan haura awa goma. Kada ka karɓi zangon da bai kai awa biyu ba, jinkiri kaɗan daga Kano ya isa jirgi na biyu ya bar ka. Kuma ka tabbata tikiti ɗaya ne har Jidda. In biyu ne daban-daban, kai za ka ɗauko jakarka ka sake awo, kuma in ka makara ba ruwan kamfani na biyu da kai.

Mai zuwa Umara ta Jidda ya yi wankansa tun daga gida, ya sa haraminsa a jakar hannu, ba cikin kayan awo ba, don a sama za a wuce miƙati. Ɗaura zanen kafin a shiga jirgi ya fi sauƙi, banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi. In da azumi a bakinka, faɗuwar ranar da ka gani ta taga ita ce ta shan ruwa, ba agogon Kano ba.

Bayan sauka akwai layin biza da jiran kaya, sannan kusan kilomita 100 zuwa Makka. Ka ƙara awa uku a lissafinka kafin ka ce wa mutanen gida ga lokacin da za su ji kiranka.