Kwana tara a Abijan, ba Faransanci ko na sallama

Goro ne ya kai ni Abijan. Mahaifinmu ya haura shekara talatin yana sarin goro a kasuwar Mariri ta Kano, kuma yana da wani amini, mutumin Damagaram, wanda ya sauka Kwaddibuwa tun bai yi gemu ba, shi ke haɗa masa kaya daga Anyama, garin goro da ke kusa da Abijan. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, sai aka ce ni zan je in ga lissafi da idona. Na ce ban iya Faransanci ba. Baba ya dube ni ya ce, "Kakanninka da suka riƙa zuwa Gwanja da jakuna, wane yare suka iya?" Ba ni da amsa, sai na ɗauki jaka.

Hanyar ba ta da wani abin faɗi sai gajiya da ciro fasfo. Daga Legas muka bi bakin teku, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, har Elubo inda ake haye gada a faɗa Nowe, garin farko na Kwaddibuwa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma duk wanda ya bar katin rigakafin shawara a gida zai gane kurensa. Daga Nowe gonakin roba ne da na kwakwar manja hagu da dama, mu wuce Abuwaso, mu wuce Giran Basam, tsohuwar hedikwatar Faransawa, sai ga fitilun Abijan wajen ƙarfe tara na dare.

A tashar Tireshbil na fara sanin halin mutanen garin. Layina na Najeriya ya mutu, lambar Alhaji, aminin Baban nan, na rubuce a takarda, ni kuma ina tsaye da jaka kamar an dasa ni. Wata mai sayar da lemo ta yi mini magana, na girgiza kai. Ta sake, na sake girgizawa. Sai kawai ta miƙo hannu ta zare takardar daga hannuna, ta fiddo wayarta daga bakin zani ta buga. Ta yi ta magana da Alhaji tana dariya kamar sun shekara da sanin juna, sannan ta ture kwandon lemo, ta nuna mini benci, ta ɓare lemo guda ta ba ni. Na fito da kuɗin kira, ta harare ni irin hararar da inna ke yi wa yaron da ya yi rashin kunya. Kalma ɗaya na tsinta a bakinta, akwaba. Ita ce "sannu da zuwa" a harsunan ƙabilun Akan na yankin, kuma duk inda ka juya a garin za ka gan ta a rubuce.

Alhaji a Abobo yake zaune, can arewacin birnin, unguwar da ta fi wasu manyan garuruwan cika. Washegari ya ce yana da zaman makoki, in tafi unguwar Ajame ni kaɗai in kai saƙo wani shago. "Ɗana, ba ka ɓata," in ji shi, "in ka rikice ka tsayar da kowa ka ce bonjur. Amma ka tabbata ka ce bonjur ɗin." Bonjur ita ce gaisuwa da Faransanci. Ya kuma koya mini lissafin kuɗi irin na Hausawan can, wanda shi ne na Nijar: sefa, kuɗin ƙasar, biyar ita ce dala, sefa dubu kuma jika. Wato in an ce maka dala ɗari, sefa 500 ake nufi.

Motar da talaka ke shiga ana ce mata gbaka, ƙaramar bas ce wadda ta sha duniya, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran tasha yana bugun ƙarfe. Abin da yake nanatawa, daga baya na gane, shi ne a shigo da canji. Ƙarancin canji a Abijan cuta ce ta kowa. Ni kuwa takardar dala ɗari na miƙa masa, kuɗin motata dala arba'in. Da muka iso Ajame sai ya kama hannuna, ya yafito wata mata mai jiki, mai kimanin shekara hamsin, da ƙatuwar roba a kai, ya danƙa mata takardar dala ɗari guda, ya nuna ni ya nuna ta, ya ɗafe mota suka wuce. Ashe ya haɗa mu ke nan: ina bin sa dala sittin, tana bin sa arba'in, mu je can mu raba.

Na tsaya sororo. Matar ta kalle ni sama da ƙasa, ta faɗi wani abu da ƙarfi, mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Ta kama bakin rigata ta ja ni cikin kasuwa kamar ɗan da ta haifa. Ajame kuwa in ba ka gani ba ba za ka yarda ba, Kantin Kwari da Sabon Gari da tashar Unguwa Uku a cure su wuri guda, a zuba musu zafin teku. Muka tambayi mai ruwa, ba canji. Mai katin waya, ba canji. A karo na uku ta tsaya a wata rumfar kwano inda hayaƙin suyar kifi ke tashi, ta ce da mai rumfar wani abu tana nuna ni. Mutumin ya ɗago kai ya ga hulata, sai na ji an ce, "Malam, daga ina?"

Ban san sanda na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Mutumin Tawa ne, shekararsa goma sha a garin. Shi ya fassara mini abin da ya ba mutane dariya a tasha: cewa ta yi yaron mota ya ɗaura mata aure da miji kurma, ko sadaki babu. Ya ce yanzu kuma cewa take tunda canji ya gagara, amarya da ango su ci kuɗin kawai. Haka aka yi. Ya zubo mana aceke, wato garin rogo da aka jiƙa ya yi ɗan tsami aka turara shi ya yi washar-washar kamar dambu, ya ɗora soyayyen kifin tuna, ya watsa yankakken attarugu da albasa da tumatir, ya marmasa dunƙule, ya zuba cokalin man suyar a kai. Da hannu ake ci. Sunan abincin garba, kuma ba wani Garba ba ne illa namu: 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi, har sunan ya bi abincin. Ɗan makaranta da lebura da mai taye duk layi ɗaya suke bi a rumfar garba. Na ji wani iri a raina, a ce ga sunan ƙanin mahaifina ya zama abincin da miliyoyin mutane ke karyawa da shi, mu a Kano ko labari ba mu da shi.

Muna ci ta tambayi ko ni ɗan ina ne. Da ta ji Najeriya sai ta aje loma, ta ɗaga yatsu biyu a hannun dama, ɗaya a hagu. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka take nufi, ranar 11 ga Fabrairun 2024, a filin Ebimpe da ke nan bayan Abobo, inda muka fara ci ta ƙafar, ko in ce ta kan Troost-Ekong, sannan Kessie ya rama, Haller ya ƙarasa mu. Na ɗaga yatsa ɗaya ina tuna mata mun ci su a zagayen rukuni, ta kaɗa hannu, wai wannan ai ba a ba da kofi a kansa. Tun daga ranar har na baro garin, ba a yi yinin da wani bai nuna mini yatsun nan uku ba, har da wani ɗan sanda. Da muka gama, Tanti, haka ake kiran duk macen da ta girme ka, ta karɓi adireshin shagon, ta raka ni har ƙofa, alhali ba hanyarta ba ce, ta danƙa ni ga mai shagon, ta juya da robarta. Ko sunanta ban sani ba.

Kirkin mutanen Abijan ba irin namu ba ne. Mu da kunya da kara muke karɓar baƙo, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo abinci, a ja da baya a bar shi. Su kuwa da baki suke karɓarka. Za a tsokane ka, a yi maka dariya, a tambaye ka matanka nawa, a shiga maganarka ba a gayyace su ba, kuma duk a cikin haka ake ɗaukar maka kaya. Kwanakin farko na ɗauka raini ne. Alhaji ya ce in kwantar da hankalina, ƙabilun ƙasar suna da wasan barkwanci tsakaninsu kamar na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, kuma wanda aka ƙi tsokana shi ne ba a sake da shi ba. Hatta kalmar aboki, wadda in an kira ka da ita a Legas sai ka duba fuskar mai kiran, a can sunan mai shayi da burodin unguwa ne, ba na jin ƙaiƙayi a cikinta.

Akwai wata kalma da na so ƙwarai, yako. Ranar da santsi ya kwashe ni a bakin kwata bayan ruwan sama, kafin in miƙe na ji ta daga baki biyar ko shida, wani tsoho har ya tsallako titi don ya faɗa. "Sannu" ce tamu sak, ta ciwo da ta rashi da ta gajiya.

Gargaɗin Alhaji kan gaisuwa kuwa sai da na gwada shi a jikina. Na shiga jirgin ruwan haya daga Tireshbil zuwa Filato, unguwar bankuna da dogayen benaye, don birnin a kan wani makeken tafki mai suna Ebiriye yake, gadoji da jirage ke haɗa shi. Ana hango tsohuwar gadar Houphouët-Boigny ta 1957, can gaba kuma sabuwar da aka buɗe a 2023 tsakanin Filato da Kokodi. Na sauka ina neman babban masallacin unguwar, na tari wani mai gadi na nuna masa alamar salla ba tare da na ce komai ba. Ya dube ni ya ce "bonjur", ya yi shiru yana jira. Na gane laifina, na gaishe shi. Nan take fuska ta sake, ya bar kujerarsa ya taka da ni har kwana. A Filato dai mutane sauri suke, kowa da abin da ke gabansa, kuma wani direban tasi ya caje ni ninki biyu don ya ji bakina. A Ajame ma an gargaɗe ni in mai da waya aljihun gaba. Birni ne mai mutum sama da miliyan biyar, ba gidan waliyyai ba.

A Anyama na yi kwana uku kan abin da ya kawo ni. Mata na zaune a ƙofar sito suna wanke goro suna ware fari da ja, maza na jera shi cikin ɗanyen ganye suna ɗinke buhu. Julanci, yaren fataken ƙasar, ake yi fiye da Faransanci, Hausa kuma ba ta da wuyar samu. Lissafin ya fito daidai, har da rarar da Baba ya manta da ita.

Daren da zan taho ne na ce wa Alhaji, "Baba, ni ban taɓa ganin mutane masu son baƙo irin waɗannan ba." Ya daɗe yana juya goro a baki. Ya ce gaskiya ne, har a taken ƙasarsu suna kiran ta ƙasar karɓar baƙi, kuma Houphouët-Boigny, wanda ya mulke su daga 1960 har ya rasu a 1993, shi ya buɗe ƙofa aka yi ta shigowa noman koko da kasuwanci. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 22 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne. Amma ya ce shi ya ga wata fuskar. Bayan rasuwar tsohon aka shigo da siyasar wane ne ɗan ƙasa na asali, aka yi tawaye a 2002, aka yi rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 da ya ci rai wajen 3,000, kuma Abobo na cikin inda wutar ta fi ci. Ya ce a lokacin, sunan da ke kan katinka da rigar da ke jikinka su ke yanke maka hukunci a shingen hanya. Sai ya nuna gidan da ke jikin nasa. Ya ce matar gidan Kirista ce, 'yar ƙabilar Ba'ule, kuma da abin ya yi tsanani ita ta kwashi iyalinsa ta kai su ƙauyensu, ta ce wa masu shinge 'ya'yan ƙanwarta ne. Wata biyu suka yi a can. "Duk mutanen gari ɗaya ne," in ji shi, bai ƙara komai ba, ya tashi ya yi alwala.

Da safe ya ce ba a tafiya ba a nemi hanya ba, al'adar ƙasar ke nan, baƙo sai ya roƙi masu gida su ba shi hanya. Muka shiga gidan maƙwabciyar. Tsohuwa ce yanzu, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana gyaran kifi. Aka ba ni ruwa, aka tambayi labari, Alhaji ya ce ɗansa ne zai koma Kano yana neman hanya. Ta sa jikarta ta ɗauko ƙullin aceke guda uku a leda, ta ce a kai wa mai ciwon ƙafa, a ce masa yako. Sannan ta faɗi wata magana, Alhaji ya yi murmushi ya juyo gare ni.

"Ta ce rabin hanya ta ba ka. Ɗaya rabin yana wurinta, sai ka dawo ka karɓa."

Na durƙusa na yi godiya da Hausa, ta amsa da yarenta. Har na kai ƙofa na ji ta kira ni, na waiwaya. Ta aje wuƙar kifin, ta ɗaga yatsu biyu a dama, ɗaya a hagu.